Gaskiya Ta Fi Kwabo: Jaridar Gwamnati Da Ta Koya Wa Arewa Gardama

Lokacin da sojojin Lugga suka shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, ba ƙasar da ba ta san alƙalami ba suka ci. Da Larabci fadar Sarkin Musulmi ke rubuta wa sarakuna wasiƙa, da shi alƙalai ke duba hukunci da rabon gado, da shi manyan fatake ke aika saƙo har Tarabulus. Ko a garuruwan bakin iyaka irin namu na ƙasar Gobir, daga Isa zuwa Sabon Birni, daga Gangara zuwa Gatawa, da wuya a rasa malamin zaure wanda ya yi nisa a fiƙihu da nahawu, ga kuma tarin mutanen da ke karanta waƙoƙin wa'azi da ajami. Wanda ya dubi wannan zai ɗauka cewa in har za a samu jaridar da za ta fara farkar da mutanen ƙasar nan a ƙarƙashin Turawa, to da Larabci za ta fito, kamar yadda aka yi a Masar da Aljeriya. Ba haka aka yi ba. Jaridar da wannan nauyi ya faɗo wa da Hausar boko ta fito, a Zariya, kuma gwamnatin Turawan ce da kanta ta kafa ta.

Turawan Ingila sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun jaridun Larabci tun kafin su iso mana. A 1884, shekara biyu da mamaye Masar, Jamaluddin al-Afgani da almajirinsa Muhammad Abduh suka zauna a Paris suna buga Al-Urwatul Wusƙa suna aikawa ƙasashen Musulmi. Fitowa 18 kacal ta yi, daga Maris zuwa Oktoba, amma sai da aka hana shigar da ita Masar da Indiya. A Janairun 1900 wani matashin lauya, Mustafa Kamil, ya kafa Al-Liwa a Alƙahira, ba ta da magana sai ta Ingila ta kwashe nata ya nata ta bar Masar. Da aka yi ta'asar Dinshawai a 1906, inda aka rataye manoma huɗu a gaban 'yan uwansu saboda rikicin da ya haɗa su da wasu hafsoshin Ingila masu harbin tattabaru, Mustafa Kamil da jaridarsa suka yayata abin har aka yi ta cece-kuce a kansa a Landan. Shekara na zagayowa Lord Cromer, wanda ya haura shekara ashirin yana juya Masar, ya ajiye aiki. A Sudan kuwa abin ya zo musu da sauƙi. Hadaratus Sudan, wadda aka fara a 1919, ta koma hannun manyan shugabannin addini uku, Sayyid Ali al-Mirgani da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi da Sharif Yusuf al-Hindi, ta riƙa sukar masu son haɗe Sudan da Masar, abin da ya yi wa gwamnatin Hartum daɗi ƙwarai. Ma'aikatan mulkin mallaka suna karanta rahotannin juna. Abin da suka fahimta shi ne, tunda ba za a iya hana jarida har abada ba, gara a san hannun da za ta faɗa.

A nan gida ma hankalinsu bai kwanta ba. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kudu da Sakkwato kaɗan, suka fatattaki rundunar da aka tura musu, suka kashe Turawa uku har da muƙaddashin Razdan. Cikin Maris aka dawo aka shafe garin daga doron ƙasa. Ɗaya daga cikin jagororin, Ɗan Makaho, daga yankin da Faransa ke mulki ya tsallako, wato iyakar da aka shata a takarda ba ta tare wa'azi. Bayan yaƙin Burmi kuma mutanenmu da dama sun zarce gabas sun zauna a Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu, ga mahajjata na tafe suna dawowa ta wannan hanya shekara da shekaru. A 1923 aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, jinin Sarkin Musulmi Bello, a Dumbulwa, aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru bisa zargin Mahadiyanci. Aka kuma tashi wani Bature, G. J. Lethem, ya bi sawun mahajjata zuwa Sudan da Jidda da Alƙahira don ya gano me suke ɗebowa, shi da G. J. F. Tomlinson suka fitar da rahoto a kan haka a 1927. Ga mai irin wannan fargaba, duk takardar Larabci da aka buga da inji igiya ce da ɗaya bakinta ke Alƙahira. Injinan ɗab'in da ke Arewa kuwa 'yan kaɗan ne, kuma ba a hannun ɗan kasuwa ko malamin zaure suke ba.

Ta ɗaya gefen an riga an yanke shawara cewa Hausar aikin gwamnati da baƙaƙen Turawa za a rubuta ta. Hans Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920. Sai ƙasa ta wayi gari da masu karatu iri biyu. Ga masu Larabci da ajami, dubbai, a kowane ƙauye, amma ofis bai san da zamansu ba sai in ana neman alƙali ko mufti. Ga kuma 'yan boko, 'yan tsiraru, su ne malaman makaranta da malaman haraji da malaman asibiti, su ke da albashi, su ne kuma Bature ke jin maganarsu kai tsaye ba tafinta.

Gwajin farko ya yi ƙoƙarin haɗa ɓangarorin biyu. A farkon shekarun 1930 gwamnati ta fara buga wata jarida a Kaduna da harsuna uku, Ingilishi da Hausa da Larabci, kowane harshe da sunan da yake kiranta: Northern Provinces News, Jaridar Nijeriya Ta Arewa, da Jaridat Nijeriya ash-Shimaliyya. Ita ce abin da ya fi kusa da jaridar Larabci da Arewa ta samu a wancan zamani, sai dai babu ƙanshin kishin ƙasa a cikinta ko kaɗan. 'Yan lokuta take fita a shekara, abin da ke ciki kuwa harkokin hukuma ne da na sarakuna da shawarwarin noma da kiwo da tsafta. Larabcin an sa shi ne don sarki da waziri da alƙali su karanta abin da Gwamna ke so su sani. Takardar da sai bayan watanni take isowa, kuma ba ta tambayar mai karatu ra'ayinsa, sanarwa ce, ko da an raɗa mata suna jarida.

Inda aka yi ainihin shirin, ba tare da an san jarida ake shirya wa ba, shi ne Hukumar Fassara, wadda aka fara a Kano a 1929, aka mai da ita Zariya, daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. East ya gaji da littattafan makaranta da ake juyowa daga Ingilishi, masu Hausar da ba wanda ke yin irinta a kasuwa. A 1933 ya zagaya yana roƙon malamai su ƙago labarai da kansu. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam, haifaffen Kagara a 1911, malami ne a Midil ta Katsina lokacin, bai wuce shekara 22 ba. East ya ga abin da yake nema, ya aro shi zuwa Zariya a 1936, inda ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A shekarun nan ne kuma aka daidaita ƙa'idar rubutu, aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, maimakon ɗigo da waƙafin sama da ake ta fama da su a da. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a gidan ɗab'i na wancan lokaci, don kowane baƙi ɗan guntun dalma ne da sai an zuba shi musamman, mai jera baƙaƙe ya tsinto shi da hannu ya sa a layi. Kafin 1938 ta ƙare, akwai marubuci, akwai ƙa'ida, akwai masu karatu da aka ɗanɗana wa daɗin Hausar da ke tafiya da ƙafarta. Dalili kawai ake jira.

Dalilai biyu suka zo kusan tare. A Nuwamban 1937 Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Legas, jarida mai zafin baki, kuma jirgin ƙasa na kawo ta Kaduna da Zariya da Kano, inda akawunan Kudu ke karantawa su miƙa wa abokan aikinsu 'yan Arewa. Na biyu ya fi tayar da hankali. Hitila na matsa wa Ingila da Faransa lamba a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan yaƙin farko, cikinsu har da Kamaru, wadda wani yankinta ake mulkinsa tare da lardunan Adamawa da Barno. A 1938 raɗe-raɗi ya bazu cewa Nijeriya ma za a iya miƙa ta don a sayi zaman lafiya. Gwamnatin Bernard Bourdillon ta ƙaryata, amma da wane baki za ta isar da ƙaryatawar ga mutumin Isa ko na Gumel? Ingila ta riga ta fuskanci irin wannan a ƙasashen Larabawa, inda rediyon Italiya ke zuga mutane daga Bari, har ta buɗe sashen Larabci na BBC a Janairun 1938 don mayar da martani. A Arewa ba rediyo a hannun mutane. Sai takarda.

A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, East na duba aikin daga sama. Da farko wata-wata take fita, kuɗinta kwabo ɗaya. Wanda bai ga kwabon zamanin ba, farin ƙarfe ne mai huda a tsakiya, ana zura shi a igiya, guda 12 ke yin sule. Gefe ɗaya tauraro ne mai tsini shida, ɗaya gefen kuma kambin Sarkin Ingila, a ƙarƙashin hudar an rubuta darajarsa da baƙaƙen Larabci. Wato hukumar da ta san sarai cewa sai da wannan rubutu talaka zai gane kuɗin da ke hannunsa, ita ce ta sayar masa da jarida a kan wannan kuɗi ba tare da rubutun ba.

Ba a daɗe ba yaƙi ya tilasta mata gyara. Wata takwas da fitowar jaridar aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, a Yunin 1940 kuma Faransa ta faɗi. Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Iyakar da Ingila da Faransa suka kafa wa duwatsu tsakanin 1906 da 1908 ta raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila, alhali gida ɗaya ne, aure ɗaya, kasuwanni ɗaya. Chadi ta bi Janar de Gaulle tun Agustan 1940, amma Nijar da sauran ƙasashen da ake mulki daga Dakar suka tsaya tare da gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, har zuwa ƙarshen 1942. Shekara biyu da 'yan kai ke nan mutumin Gangara yana noma a ƙasar Sarkin Ingila, ƙanen mahaifinsa a Maraɗi ko Madawa yana biyan haraji ga hukumar da Ingila ke yi wa kallon abokiyar gaba. Labari kuwa ba ya jiran izinin Di'o ko na Kumandan. Yana tsallakowa tare da masu shanu da masu kanwa, ya kwana a gidan fatoma, da safe ya shiga kasuwa ya ƙara kitse. Mutanen da wannan labari ke isa kunnensu ba 'yan Midil ba ne. A 1941 aka fara haɗa wa jaridar wasu shafuka na ajami, aka sa musu suna 'Yar Gaskiya, aka kuma fito da Suda, takardar labarin yaƙi da ake rabawa kyauta. Ajamin da aka ƙi a lokacin zaman lafiya, an neme shi da fitila ranar da ake buƙatar soja da gyaɗa da ma'aikatan haƙar kuza a Jos.

Yana da kyau a dubi tafiyar da takardar ke yi kafin ta iso irin wurarenmu. Daga Zariya dogo ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, inda ya ƙare tun 1929. Daga nan sai mota in rani ne, ko jaki da ɗan aike in ruwa ya ci hanya, a bi ta Shinkafi a faɗa Isa, sannan Sabon Birni. Ta hannun En'e da makarantu yawancinta ke shiga ƙauye, saboda haka kofin da ya iso na uban ƙasa ne ko malaminsa ko hedimasta. Amma jarida ɗaya ba mutum ɗaya ke cin moriyarta ba. Bayan la'asar a ƙofar fada ko a zauren wani attajiri, yaron da ya yi elementare zai buɗe ta ya karanta da ƙarfi, dattawa na tsayar da shi suna tambaya ina ne Habasha, ina ne Bama, nawa ne tsakaninsu da Makka. A nan gwanintar Imam ta yi rana. Hausarsa ta kunne ce. Ya san cewa mafi yawan masu jin jaridarsa ba za su taɓa riƙe ta da hannunsu ba, sai ya riƙa rubuta labarin yaƙin Turai da salon mai ba da labari a dandali, da karin magana da ba'a da habaici. Sojojinmu da aka kwasa zuwa Habasha, daga baya kuma Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, su ma tana isa gare su, ta zama hanyar jin gida.

Abin da gwamnati ba ta lissafa da shi ba shi ne wasiƙu. An buɗe wa masu karatu fili su rubuto, wataƙila don a ji abin da ake faɗa a gari, sai ga malaman makaranta da ƙananan ma'aikatan En'e, waɗanda ba su da bakin magana a gaban hakimi balle sarki, sun samu wurin da za su faɗi abu mutum dubu su ji. Mutumin Bauci ya rubuta kuka kan cin hanci ko karatun 'ya'ya mata ko tsadar aure, bayan wata biyu mutumin Gwandu ya ba shi amsa, na Yola ya shigo ya raba gardama. Kafin wannan, Bakano Bakano ne, Basakkwace Basakkwace ne, abin da ya haɗa su shi ne addini da tutar Shehu. A shafukan nan ne, a ganina, ɗan boko ya fara jin kansa ɗan Arewa, mai matsala iri ɗaya da wani da bai taɓa gani ba a lardin da bai taɓa zuwa ba. Editan ya san iyakarsa, akwai Bature a kansa, akwai dokar tace labarai ta lokacin yaƙi, akwai kuma sarakunan da ba su saba a tanka musu ba. Amma Bahaushe bai taɓa rasa hanyar faɗin magana ba tare da ya kama suna ba.

A 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila, Imam ne kaɗai daga Arewa, Azikiwe na cikin tawagar. Azikiwe ya shirya takarda da ke neman a ɗora ƙasashen nan kan hanyar mulkin kai cikin shekara 15, yana kafa hujja da alƙawarin da Churchill da Roosevelt suka yi a 1941 cewa kowace al'umma na da ikon zaɓen masu mulkinta. Imam ya ƙi sa hannu. Jaridun Legas ba su yafe masa ba, har yau kuma akwai masu kafa hujja da wannan su ce ɗan koren Turawa ne. Sai dai a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, tsoho mai ritaya, wanda ya gina tsarin mulki ta hannun sarakuna, ya zayyana masa a baki da kuma a rubuce inda tsarin ya ruɓe: talaka ba shi da inda zai kai kuka, matasan da aka ilimantar an bar su ba a shawara da su, Razdan kuma abin da fada ta gaya masa kawai yake ji. Maganar ta koma kunnen hukuma a Landan da Legas. Mutumin da ya ƙi bin Azikiwe a bainar jama'a shi ne ya je har gida ya gaya wa mai tsarin cewa tsarinsa na cutar mutane. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Bayan yaƙi abin ya bunƙasa da sauri. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da kuɗin raya ƙasashen mallaka, aka gina masa maɗaba'a da gidajen ma'aikata a Zariya, East ne shugaba. A 1948 aka ƙara da jaridar Ingilishi, Nigerian Citizen. Gidan ya zama makaranta a karan kansa, mutane irin su Nuhu Bamalli, wanda daga baya ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, a nan suka goge. Zariya da Kaduna kuma a wannan shekara ta 1948 ne ƙungiyoyin 'yan boko suka fara haɗuwa, su Dokta R. A. B. Dikko da D. A. Rafih, har aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a Yunin 1949, Imam na cikin na gaba-gaba. Da aka je taron Ibadan a Janairun 1950 don sake tsarin mulki, wakilan Arewa suka kafe sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, suka kuma samu, 68 cikin 136. A daidai wannan lokaci Gaskiya na jan kunnen masu karatunta cewa tashar jirgi da gidan waya da asibitin gwamnati da kantunan Turawa a Arewa duk 'yan Kudu ke riƙe da su, in Bature ya tafi yau ba ɗan Arewa ne zai hau kujerarsa ba.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da Gaskiya. Kishin da ta shuka ba irin na Al-Liwa ba ne. Mustafa Kamil cewa yake Ingila ta fita yanzu, Imam kuwa cewa yake kada ta yi gaggawar fita sai mun kimtsa, a gyara En'e, a buɗe makarantu, a ba 'ya'yanmu aiki. Kishin Arewa ne kafin ya zama kishin Nijeriya, kuma tsoron Legas ya fi ƙin Landan yawa a cikinsa. Masu zafin ra'ayi sun ga haka tun da wuri. Sa'adu Zungur, wanda ba a fi shi Larabci ba a cikin 'yan bokon zamaninsa, wajen Azikiwe ya nufa har ya zama sakataren NCNC a 1948. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, mutanenta sun fi samun fili a Comet, jaridar Azikiwe da ta koma Kano, suna kallon Gaskiya a matsayin bakin gwamnati da sarakuna. Ba su yi ƙarya ba. Amma su kansu, da waɗanda suka saurare su a garuruwan bakin dogo irin su Gusau da Ƙaura, a shafukan wa suka saba da ganin an buga kukan talaka da Hausa? Na fi karkata ga cewa jaridar ta yi wa masu gidanta aikin da suka sa ta, ta kuma yi wani da ba su sa ta ba, na biyun ne ya fi daɗewa. A tsallaken iyaka ba a samu ko wannan ba, don makarantar Faransa ba ta koyar da Hausa, Bagobirin Tsibiri in zai karanta jarida sai da Faransanci.

Imam ya bar kujerar edita a 1951 bayan shekara 12, ya shiga majalisa, daga baya ya koma hukumar ɗaukar ma'aikata ta Arewa, ya rasu a 1981. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Ahmadu Kumasi na jan ragama, aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga wa kowane lardi 'yar jaridarsa: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya, tamu ta lardin Sakkwato kuma Zaruma. Ajin manya ya shiga ƙauyuka, magidanta suka zauna a kan tabarma suna haɗa baƙi da wasali. Sai dai sunan yaƙin kansa ya ɓata wa mutane da yawa rai, kuma suna da hujja. Dattijon da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da lissafin bashinsa da ajami, a rajistar hukuma jahili ne har sai ya iya a, ba, ca. Wannan rabuwa da aka fara tun zamanin Ɗan Hausa, Gaskiya ta gaje ta, ta ɗan rage ta da 'Yar Gaskiya lokacin da yaƙi ya matsa, amma ba ta ɗinke ta ba. Sai a shekarun 1980 kamfanin Triumph na gwamnatin Kano ya fito da Alfijir, jarida sukutum da ajami.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta kafa New Nigerian a Kaduna, ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kafin a kashe shi. Ta maye gurbin Nigerian Citizen, Gaskiya Ta Fi Kwabo ma ta koma ƙarƙashin sabon kamfanin, ta bar Zariya. Gwamnatin Murtala ta karɓe kamfanin a 1975, ya zama na tarayya. Duk da haka jaridar ta ci gaba da zama abin da ake nema a tashar mota da teburin mai shayi, marubutan Hausa da yawa kuma a shafukanta suka fara ganin sunansu da waƙoƙinsu a buge. A 2006 aka mayar da kamfanin ga gwamnonin jihohin Arewa 19. Abu mai iyaye goma sha tara bai samu mai ɗaukar nauyinsa ba, bashi da albashin ma'aikata suka taru, a farkon shekarun 2010 ta daina fitowa a kai a kai. Masu bincike yanzu sai su nufi Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna su nemi tsofaffin kofe, filin da ta bari kuma jaridu masu zaman kansu irin su Aminiya, wadda ta fara fita a 2006, suka shiga.